Mai Amsa Kira a Tudun Marke

Ranar Alhamis bayan la'asar Shafa'atu ta rufe shagon buga takardu, ta gyara gyalenta, ta hau bayan babur ɗin Kawu Gide, ƙanen mahaifiyarta. Aiken ba shi da wuyar faɗa. Za ta je Tudun Marke, ta shiga ɗakin marigayi Yahuza, ta cire sunansa daga cikin wata na'ura, su juyo Ƙanƙara kafin rana ta faɗi. Da safe ba a bin hanyar sai 'yan sintiri sun zaga sun dawo, shi ya sa suka kai wannan lokaci.

"Minti goma na ba ki," in ji Kawu Gide yana buga babur. "In kika wuce haka tahowata za ni yi, in ce ma uwarki kin samu miji can."

"Wa ya rage a garin da zai aure ni, Kawu?"

"Abin da ni ma nake tsoro ke nan."

Na'urar tana da tarihi. Akwai wani tsarin kwamfuta na kyauta, ɗan gidan Linux, da wasu matasa goma sha ɗaya suka taru suka mayar Hausa domin tsofaffin kwamfutocin makarantu da na shaguna irin nata. Suka sa masa suna Zangarniya. Kowace manhaja da ke cikinsa sai an haɗa ta, an ƙulle ta cikin ƙunshi, sannan mutane su sauke. Da can da hannu ake yi, ana kwana ana wuni. Yahuza ne ya haɗa na'urar da ke yi da kanta: kowa ya turo gyaransa, ita ta tattara, ta gina, ta gwada, ta buga sunan mai kula da ƙunshin, ta zuba a rumbu inda kowa ke ɗiba. Suna ce mata Maƙera. A ɗakinsa na ƙauye ya ajiye ta, don yana da sola da dogon ƙarfen da ke kamo sabis daga wajen 'Yankara. Cikin ƙunshi ɗari uku, fiye da ɗari biyu sunansa ne a kai, saboda sauran suna Kaduna da Abuja da Kano kuma kullum ba su da lokaci. Shafa'atu tara gare ta. Aikinta gyaran kalmomi.

Da faɗuwar rana Maƙera ke fara aiki, lokacin batura sun cika kuma ɗaki ya huce. Yahuza ya liƙa mata wata 'yar lasifika, ya haɗa ta da muryar da yake koya wa karanta Hausa saboda makafi. In gini ya cije sai ta karanto sunan mai ƙunshin da ƙarfi: "Yahuza, akwai aiki." Mahaifiyarsa, Inna Hajaratu, ta sha yi masa faɗa. Ba a kiran sunan mutum da almuru, balle a ce ƙarfe ne ke kira. Shi kuwa dariya yake yi, ya amsa daga bakin rijiya, "Na'am, ga ni nan."

Wata shida ke nan da 'yan bindiga suka tare motar su Yahuza a hanyar Sabuwa. Mutanen wani ƙauye suka binne su su bakwai a ranar, Inna Hajaratu ba ta ga gawa ba. Bayan mako ɗaya Tudun Marke ta watse, kowa ya kama gabansa da abin da kansa zai iya ɗauka. 'Yan Zangarniya suka cika guruf ɗinsu na waya da ta'aziyya, amma ko mutum ɗaya bai tako ba. Dokarsu ta ce a cire sunan wanda ya tafi cikin mako guda. Malam Abdulƙarim, shugabansu, ya ce ba mutunci ba ne a goge sunan mamaci kafin sadakar arba'in. Kowa ya ce haka ne. Babu wanda ya tuna cewa kullum rana ta faɗi, na'ura na nan tana kiran Yahuza a gidan da ba kowa.

Kwana arba'in tana kira.

Ran na arba'in da ɗaya ƙunshin da suka cije suka fara fitowa a gine, da sunansa a kai.

Malam Abdulƙarim ya rubuta cewa albarkar aiki mai kyau ke nan, marigayi ya tsara abin da ke tafiya da kansa. Shafa'atu ta san ba haka ba ne. Na'ura tana gini, amma ba ta gyara kuskure, ba ta kuma rubuta bayani. Yahuza yana da al'ada, a ƙasan kowane ƙunshi yakan bar layi ɗaya da bai shafi aiki ba. An yi ruwa yau, gero ya ɗaga. Akuyar Inna ta haihu biyu. Bai taɓa ce mata komai ba, ita ma ba ta taɓa ce masa ba, amma shekara biyu tana kwafe layukan nan a bayan littafin shago, kuma ta lura ya fi tsawaita su a ƙunshin da ya san ita za ta duba. Yanzu ma layukan na zuwa. Ɗaki da ɗumi. Wani makon: Mun ƙaru.

Sai magana ta fita kasuwa. Wani malamin makaranta ya ga sunan a kwamfutarsa da kwanan watan jiya, ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani. Kafin wata ya ƙare an gama yanke hukunci: Yahuza bai mutu ba, daji ya shiga, shi ke duba wa 'yan bindiga hanya da na'ura. Mata suka daina zama kusa da Inna Hajaratu a gidan suna. Shafa'atu ta roƙi guruf sau uku a turo wani. Yahuza ya tsara abin yadda ba a taɓa jerin sunaye daga nesa, sai mutum ya tsaya gaban Maƙera da nasa makullin sirri a filas, ɗan abin ajiye bayanai da ake soka wa kwamfuta. Malam Abdulƙarim ya ce hanya ba kyau, kuma ai aiki na tafiya.

Shekaranjiya tsohuwar ta zo shago da kanta, ta tsuguna a bakin ƙofa ta ƙi hawa benci.

"Ɗiyata, an ce kin san kan abin ga."

"Kaɗan, Inna."

"Ban ga gawarshi ba, na haƙura. Ban san kabarinshi ba, na haƙura. Sunan kaɗai ya rage mani, shi ma sun sa a baki suna tauna. Ki je ki sauke mashi. Ki bar mani yaro shi kwanta."

Abin da ya hau da ita babur ke nan.

Sun wuce Mabai da kaɗan Kawu Gide ya kashe inji ba zato, ya tura babur cikin dawa. Suka duƙa. Can nesa ƙarar babura, da yawa, tana tafe tana komawa. Sauro ya same su. Shafa'atu na kallon inuwar karan dawa tana tsawo a kan ƙafarta. Da ƙarar ta ɓace, rana ta riga ta yi ja.

"Mu koma," Kawu Gide ya ce a hankali.

"Za ka sake kawo ni?"

Ya girgiza kai.

"To mu je, Kawu."

Tudun Marke ba ta ƙone ba, ba ta rushe ba. Tana nan yadda aka bar ta, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. Turmi a kife a ƙofar wani gida. Takalmin yaro wari ɗaya. Kabewa ta hau danga ta sauka ta rufe hanya, ta nuna ta ruɓe ba mai tsinka. Ba kaza, ba kare, ba hayaƙi. Ko tsuntsu ba ya kuka a marken da ke tsakar gari.

Kawu Gide ya juya kan babur ya fuskanci hanya, ya ƙi kashewa.

"Nan za ni tsaya. Ki yi bisimilla. In kin ji an kira ki, ko da muryata ce, kar ki amsa sai kin ga bakina."

Ta shiga zaure. Warin kashin jemage ya tare ta. Tsakar gida ciyawa har gwiwa, jiƙaƙƙiya, tana kama zane. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin Yahuza. Ƙarafan da ke riƙe sola suna nan, amma faifan babu, an kwance. Dogon ƙarfen sabis yana kwance cikin ciyawa, ya yi tsatsa.

Ta tsaya. To da me Maƙera take aiki?

Sai ta ji shi. Wani siririn sauti daga cikin ɗakin, mai ɗorewa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Fankar na'ura.

Ƙofar a saye take. Bakinta ya riga hankalinta, ta yi sallama kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Ba a amsa ba. Amma fankar ta ɗan sassauta, kamar mai magana da ya ji motsi ya dakata, sannan ta ci gaba.

Ta tura.

Ɗumi ya bugi fuskarta, irin na ɗakin da mutane da yawa suka kwana ciki. Akwai warin roba mai zafi, da wani kuma a ƙarƙashinsa, kamar toka da aka kwara wa ruwa. Ƙura ta rufe gado, ta rufe littattafai, ta rufe hular da ke rataye a ƙusa. Inda batura suke sai shaidar zamansu a ƙasa. Wayar wutar Maƙera tana yashe a daɓe, gara ta gina ƙasa a kanta.

Allon kuwa a kunne yake. Rubutu fari na gudu a kan baƙi.

Teburin ba ƙura ko kaɗan.

Ta danna maɓallin kashewa, ta riƙe. Ta ƙirga goma. Ta ƙirga ashirin. Rubutu bai fasa gudu ba. Ta sa hannu biyu za ta ɗaga akwatin, ta ji kamar an dasa shi a ƙasa.

To, abin da ya kawo ta. Ta jawo kujera ta zauna, sai ta zabura.

Kujerar da ɗumi.

Ta ture ta da ƙafa, ta sunkuya a tsaye. Ta ciro filas daga bakin zanenta, ta soka, sai a karo na uku ya shiga. Allo ya gane ta. Ta buɗe jerin masu kula da ƙunshi. Ga shi nan a sama, Yahuza, ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta daɗe tana son ganin ɗakin nan. Ba haka ta zana zuwan a ranta ba.

Hasken taga ya koma ruwan toka.

Lasifika ta yi ƙara kaɗan, kamar mai gyaran murya.

"Yahuza," in ji muryar ƙarfe, a rarrabe. "Akwai aiki."

"Na'am."

Daga bayanta. Daga wajen gado.

Muryarsa ce. Har da 'yar shaƙewar nan da yake yi in ya sha rana a gona. Ta dafe tebur. Wata shida tana roƙon Allah ta sake jin muryar nan ko a mafarki.

Ba ta juya ba.

Gadon ya yi ƙara. An sauko da ƙafa. Sannan wata ƙafar. Sannan wata.

Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta ɓace mata, ta koma farko. Yatsunta na neman haruffa. Ta rubuta umarnin cirewa, ta danna.

Allo ya tsaya. Layi ɗaya ya fito.

Ƙunshi ba ya zama ba mai shi. Wa zai karɓa?

Ta manta da wannan. Dokar Yahuza ce, ya sa ta ne don ya gaji da mutanen da ke ajiye aiki su tafi. Ta danna ba ta rubuta komai ba. Tambayar ta dawo. Ta rubuta Abdulƙarim, da dukan haushin da ke cikinta.

Makullinsa ba ya nan.

"Shafa."

Raɗa ce, dab da kafaɗarta. Shi kaɗai ke yanke sunanta haka, shi ma a rubuce.

"Bar shi mana. Ba mu ɓata komai ba."

Numfashin da ya taɓa wuyanta ba ɗumi gare shi ba.

"An yi ta kira," muryar ta ce. "Kullum. Ba wanda ya zo. Mu muka zo."

A cikin baƙin allon, bayan rubutu, tana ganin inuwar fuskarta. Bayan fuskarta akwai ɗakin. Ɗakin a cike yake. Ba ta ga ido ba, ba ta ga baki ba, tsayi kawai ta gani, masu tsawo da gajeru, a jere har bango, duk sun karkato suna kallon abin da za ta rubuta.

A waje Kawu Gide ya danna hon.

Tana iya zare filas ta ruga. Gobe sunan Yahuza ya sake fita. Inna Hajaratu ta sake zama ita kaɗai a gefen tabarma.

Makulli ɗaya ne a ɗakin.

Ta rubuta: Shafa'atu.

Ta danna.

Sunansa ya ɓace daga saman jerin. Shekara huɗu na aikinsa, ko ƙara bai yi ba. Nata ya hau wurin, ɗari biyu da ashirin da uku.

Fanka ta tsaya cak.

Shiru. Har tana jin bugun jini a kunnenta.

Lasifika ta gyara murya.

"Shafa'atu. Akwai aiki."

Ta cije leɓe har ta ji gishiri. Ba ta amsa ba. Ta rantse ba ta amsa ba.

"Na'am," aka ce a bayanta.

Da muryarta.

Ta kai hannu ga filas. Zafi kamar garwashi, ya ƙi fita. Ta sake shi. Ta juya ido a rufe ta nufi inda take zaton ƙofa. Ta ratsa wani abu mai sanyi, mai laushi, kamar rigunan da aka shanya ba su bushe ba, ɗaya bayan ɗaya. Wani abu ya riƙe gyalenta. Ta sunkuya ta bar masa.

Ciyawa. Zaure. Jemagu suka tashi a kanta.

Kawu Gide na kan babur, ya juyo yana kallon bayanta, ba ita ba. Bakinsa a buɗe.

Ta faɗa bayansa, ta buɗe baki ta ce ya ja.

Ba abin da ya fito.

Daga cikin gidan, a sake, cikin ladabi, muryarta ta ce, "Kawu, ka gaida gida."

Bai san lokacin da ya murɗa hannun babur ba. Sun faɗi sau biyu kafin Mabai, ba wanda ya tsaya duba ciwo. Sai da fitilun Ƙanƙara suka bayyana, ana kiran isha'i, sannan wani tari ya ƙwace mata, muryarta ta dawo a dishe. Kawu Gide ya kai ta har gida. A ƙofar gida ya ce, "Su nawa ne suka rako ki zaure, kin sani?" Ta girgiza kai. Ya ce, "Gara haka." Bai sake bin hanyar ba, bai kuma sake yi mata wasan miji ba.

Sunan Yahuza bai ƙara fita ba. Da mako uku suka wuce, masu magana suka ce ai dama sun san ƙarya ce, yaron kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Inna Hajaratu ta kawo wa Shafa'atu ƙullin daddawa da kuka, ta riƙe hannunta mai tabon ƙuna ta daɗe tana shi mata albarka. Daga baya ta koma wurin 'yan'uwanta a Faskari.

Shafa'atu ta bar shagon. Ba ta ƙara taɓa kwamfuta ba. An yi mata rubutu, an yi mata ruƙiyya, an kai ta wurin malamai biyu. Da rana lafiyarta lau. Amma da zarar rana ta taɓa ƙasa sai muryarta ta ɗauke, ko tana tsakiyar magana, ba ta dawowa sai an kira isha'i. Sallar magariba a zuci take karanta ta. Mutanen gida sun saba, sun daina yi mata magana a lokacin. Wanda ya fara zuwa zance wurinta ya zo sau biyu, bai dawo ba.

Ƙunshi kuwa suna fita kullum, ba kuskure, da sunanta a kai.

Ta rubuta wa guruf duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Ta roƙe su su daina ɗiba daga Maƙera, su gina wata a Kaduna. Mutum biyu suka turo hoton dariya. Ɗaya ya ce ta dace da rubuta littafi. Malam Abdulƙarim ya ce za a duba, sai dai yanzu makarantu sittin ne ke kan Zangarniya, ba a tsayar da abin da ke tafiya.

Wata magariba tana zaune a kan dardumar salla, bakinta a kulle, wayarta ta yi haske. Malam Abdulƙarim ne. Ya ce tun da aka kafa Zangarniya ba a taɓa samun mai himma irin tata ba, Allah Ya saka. Ya ce Adnan, ɗaya daga cikinsu, ya samu aiki a banki, ba zai ƙara samun lokaci ba, ko za ta taimaka ta karɓi nasa guda talatin?

Ta ɗauki wayar da hannu biyu. Ta fara rubuta a'a.

Kafin ta gama, amsa ta riga ta fito a ƙasan saƙonsa, da sunanta, da hotonta.

"To, Malam. A turo. Muna da yawa."